Na Bar Jaki Ina Dukan Taiki

Motata tsohuwa ce, ƙirar Japan ta farkon shekarun 1990, irin waɗanda suka shigo ta Kwatano suka cika titunan Kano. Shekara tara tana hannuna, ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Bayan ƙaramar sallar 2024, lokacin da zafin Afrilu ya kai inda ya kai, ta ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a. Da safe murɗa makulli ɗaya take tashi. In na je makarantar da nake koyarwa na ajiye ta a rana, na fito bayan azahar, sai kik ya yi ta juya inji amma ta ƙi kamawa. In na haƙura na zauna gindin darbejiya har la'asar ta yi sanyi, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Tun a ranar farko na yanke hukunci cewa famfon mai ne. Ban buɗe komai ba, ban auna komai ba. Abu biyu ne suka kai ni ga wannan hukunci, kuma kowannensu yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa suka kama ni da kyau.

Na farko laifi ne da na san ina aikatawa. Tun da aka sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ban ƙara cika tanki ba. Lita huɗu yau, lita biyar jibi, fitilar mai kullum a kunne. In layi ya yi tsawo sai in tsaya wajen 'yan bumburutu in sayi galan ba tare da na san abin da ke ciki ba. Na kuma san cewa famfon irin waɗannan motoci a cikin tanki yake zaune, tsundum cikin fetur. Ƙaramin moto ne mai aiki da wutar batir, a gindinsa akwai 'yar rariya kamar safa da ke tace datti, yana zuƙo mai ya tura shi ta tiyo, ya ratsa filta, ya isa bututun da nozul-nozul suke jere a kan inji. Fetur ɗin da yake turawa ta cikin jikinsa yake bi, shi ke sanyaya shi, shi ke yi masa aikin man shafawa. Ba ya kama wuta a can ciki ne saboda tururin fetur ya cika wurin, babu isasshiyar iskar da wuta za ta ci. To wanda ke yawo da tanki a bushe yana barin famfon cikin zafi, yana sa shi zuƙar iska a kwana da gangara, yana ba shi dattin da ya kwanta a ƙasa. Na san duk wannan. Watanni goma sha ɗaya ina jiran ranar da famfon zai rama abin da nake yi masa, don haka da motar ta ƙi tashi, zuciyata ta ce ga ranar ta zo.

Na biyu kuwa gado ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direba ne, kuma Peugeot 504 ya fi daɗewa yana tuƙawa, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ina yaro ni ke riƙe masa sifana. Famfon 504 a jikin inji yake, ba ya buƙatar wuta. Juyawar injin ce ke tura wani ɗan hannu, hannun ya riƙa ɗaga wata fatar roba yana sauke ta, ita kuma ta zuƙo mai daga tanki ta miƙa wa kafireto. Gwajinsa ba wuya: Baba ya zare tiyon da ke shiga kafireto, ya ce in murɗa, in mai ya yi tsartuwa to famfo lafiya lau. A lokacin bazara kuma, in injin ya ɗau zafi har fetur ya zama tururi a cikin famfon, sai ya jiƙa tsumma ya ɗora a kai, mu ɗan jira, mota ta tashi. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Ashe tun daga nan kaina ya haɗa abu uku ya ɗaure su wuri guda: zafi, ƙin tashi, famfo. Ban tsaya na tambayi kaina ko abin da ke kama famfon da ke manne da inji mai zafi zai kama wanda ke nutse cikin tanki a bayan mota ba.

Sai wani abokin aikina ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ya ce in ta ƙi, in samu katako in bubbuga ƙasan tanki. Maganarsa tana da tushe, domin in gawayin da ke cikin moton famfo ya cinye, girgiza takan sa ya taɓa inda ya kamata ya ɗan ƙara juyawa. Na samu guntun katako na ajiye a but. Ranar da ta sake ƙi, na buɗe ƙofofi huɗu don zafi ya fita, na durƙusa na bubbugi tanki, na zagaya, na sake bugu, na dawo na rufe ƙofofi da ƙarfi, na murɗa. Ta tashi. Sau uku ina yin haka tana tashi. Daga nan babu mai iya gaya mini wata magana.

Ranar Juma'a da safe na kai ta gareji. Bakaniken dattijo ne da na daɗe ina hulɗa da shi. Ko gaisuwa ban gama ba na ce masa famfon mai za a canja.

Ya ce, "Malam, an gwada ne?"

Na ce, "Na gwada." Ban ɗauki maganar a matsayin ƙarya ba a lokacin, amma ƙarya ce. Dukan tanki na yi.

Akwai wani yaro cikin masu koyon aiki, ba zai wuce shekara goma sha shida ba, wanda ogan ya ce mini hannunsa ya fi faɗawa wajen wayarin. Yana tsugune yana wanke fulogi. Ya ɗago a hankali ya ce, "Baba, tunda da sanyi tana tashi, da an bar ta nan cikin rana har ta ƙi, sai mu duba ko wuta tana isa wajen famfon."

Na dube shi na ce, "Tun ba a haife ka ba nake buɗe bonet." Sauran yaran suka yi dariya. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da wankin fulogi. Dattijon ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Mota taka ce, Malam, kuɗi ma naka ne."

Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo famfo, ban ma nemi na Beljiyam ba, sabo na saya mai tsada don kada in yi aiki biyu. Kuɗin daga cikin abin da muka ware don makarantar yara na zango na uku na ɗiba, na ce wa mai ɗakina dole ce ta sa. Wasu motoci suna da murfi ƙarƙashin kujerar baya da ake ciro famfo ta nan, tawa kuwa sai an sauke tanki gaba ɗaya. Yini guda suka yi a kai. Da suka wanke tankin aka ga laka da tsatsa a ƙasa, na nuna wa yaron da yatsa ban ce komai ba. Ana kiran magariba suka gama, gari ya yi sanyi, murɗawa ɗaya ta tashi. Na jefa tsohon famfon a but na tafi gida. Asabar da Lahadi ta wuni a inuwar rumfa, duk inda na je da ita lafiya.

Ranar Litinin na kai mahaifiyata asibiti duba ido, tare da ƙanwata. Tun ƙarfe tara na ajiye motar a fili, babu ko inuwar sanda, ba mu fito ba sai wajen ƙarfe biyu. An ɗiga wa Inna maganin da ke buɗe ƙwayar ido, haske yana yi mata ciwo, ta rufe fuska da mayafi muna riƙe da hannunta. Muka zaunar da ita a kujerar da ta yi zafi kamar tanda. Na murɗa. Kik ya juya, ya juya, mota ta ƙi.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Ban yi tunani ba, ƙafafuna suka kai ni but, na ɗauko katakon, na durƙusa a kan kwalta mai ƙuna, na fara dukan tanki. Na buga sau huɗu ko biyar. A bugu na gaba hannuna ya tsaya a sama. Famfon da ke cikin tankin nan kwanansa uku. Gawayinsa sabo ne fil. Me nake son in girgiza? Tsohon famfon da na ɗora wa laifi yana nan kwance a but, a saman kaina, ba shi da hannu a abin da ke faruwa yanzu, kuma ciwon bai canja ko kaɗan ba: rana ɗaya, lokaci ɗaya, ƙi iri ɗaya. Na daɗe a durƙushe da katako a hannu, gwiwoyina suna ƙuna, maganar yaron nan tana dawo mini kalma bayan kalma. Ga motar an bar ta cikin rana har ta ƙi, kamar yadda ya roƙa. Bambancin kawai shi ne yanzu tsohuwa ce a ciki da ido a rufe.

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Daga cikin mayafi ta ce wa ƙanwata, "Ce masa ya samo mana adaidaita sahu." Ba ta ƙara ko kalma ba. Na tare musu, suka tafi, na kira dattijon. Ya ce aiki ya riƙe shi amma zai turo wani. Bayan rabin awa sai ga yaron a kan babur ɗin ogansa.

Ya gaishe ni da ladabi kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Kayan aikinsa sukuddireba ne da fitilar gwaji, wato ɗan ƙwan fitila mai waya da tsinke. Ya ce kada in buɗe ƙofofi, a bar zafin yadda yake. Ya buɗe murfin tanki ya kara kunne, ya ce, "Baba, murɗa makullin zuwa inda fitilu ke kamawa, kada ka kai kik." Na murɗa. Ya ce bai ji komai ba. A irin motata, da zarar an kai makulli nan, ƙwaƙwalwar mota takan ba famfo wuta na kamar daƙiƙa biyu don ya cika layi da mai, ana jin ɗan kukansa siriri daga baya, sannan ya yi shiru har sai injin ya fara juyawa. Ni ma na sha lura da cewa kukan nan ba ya zuwa a ranakun da take ƙi. Na ɗauke shi shaidar mutuwar famfo. Yaron ya ce shirun yana iya nufin famfo ya mutu, yana kuma iya nufin ba a aiko masa da wuta ba, kuma daga kujerar direba ba a rarrabe su.

Ya duba fiyus, lafiyarsa ƙalau. Ya shiga ƙarƙashin mota ta baya ya zare soket ɗin da ke kai wa famfo wuta, ya maƙala wayar fitilarsa a jikin ƙarfe, ya soka tsinken, ya ce in kashe in sake murɗawa. Wannan aikin sai da mutum biyu, domin wutar daƙiƙa biyu kawai take yi, kafin mutum ɗaya ya zagayo ta ɗauke. Fitila ba ta kama ba. Muka maimaita sau uku. Sai ya bar fitilar a maƙale inda zan hange ta, ya zo ya kwanta a ƙasan sitiyari, ya lalubo wani ɗan akwati da bai kai kwalin ashana biyu ba, ya ce in riƙa kashewa ina murɗawa. Ya ƙwanƙwasa shi da gindin sukuddireba. Na ji ƙas, fitilar ta haska. Ya mayar da soket, na murɗa, kukan famfo ya taso daga baya, mota ta tashi.

Rile ne. Makunni ne da ƙwaƙwalwar mota ke kunnawa da 'yar ƙaramar wuta, shi kuma ya saki babbar wutar da famfo ke ci. Yaron ya ɓalle murfinsa ya haska mini bayan allon cikinsa da fitilar waya. A kewayen ƙafafu biyu, dalmar da aka yi liƙi da ita ta tsage, zobe siriri kamar gashi. Shekara talatin tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi, ga girgizar hanya. In mota ta wuni a rana a rufe, zafin cikinta ya zarce na waje nesa ba kusa ba, tsagar ta buɗe, wuta ta yanke. In gari ya yi sanyi ta koma ta haɗe. Wani mai gyaran rediyo a bakin titi ya narka dalmar ya sake liƙe ƙafafun cikin minti goma, kuɗin da ya karɓa bai kai na lita ɗaya ba.

A hanyar komawa gareji na riƙa warware abin da na ɗaure da hannuna. Dukan tankin da na ɗauka gwaji ne, me yake ƙunshe da shi? Buɗe ƙofofi huɗu, minti goma na iska tana ratsa motar, sannan rufe ƙofar direba da ƙarfi, taku ɗaya daga inda rilen yake. Ni ne nake sanyaya shi ina girgiza shi, ina ba katako lada. Ga kuma shaidar da ta fi kowace ƙarfi, wadda na taka na wuce: famfon da ya gaji a kan tafiya yake nuna kansa. Mota ta riƙa shaƙewa in an taka totur, ta rasa ƙarfi a hawa ko da kaya, wani lokaci a ji shi yana kuka mai tsawo daga baya. Tawa a cikin makonnin nan har Zariya na je da ita na dawo, ko tari ba ta yi ba. Na san da wannan sarai. Ban sa shi a ma'auni ba saboda bai dace da hukuncin da na riga na yanke ba, alhali lakar da aka gani a tanki, wadda za a samu a kusan kowace mota mai shekara talatin, na karɓe ta hannu biyu.

A gareji na roƙi a gwada tsohon famfon. Dattijon ya sa aka fitar da shi fili, aka tsoma gindinsa cikin mai, aka ja dogayen wayoyi don batir da tartsatsinsa su yi nisa da tururi. Famfon ya juya, amma dattijon ya ce juyawa kaɗai ba ta isa shaida, haka ma zare tiyo a ga mai yana zuba, wanda ya wadatar a zamanin 504. Kafireto mai kawai yake so a zuba masa a ɗan kofinsa, ƙarfin turawar bai kai rabin bar ɗaya ba. Nozul kuwa feshi yake yi, sai an matsa masa mai da ƙarfin da ya kai wajen bar 3, wato ɗan sama da 40 a ma'aunin da masu faci ke sa wa taya 32 ko 35. Famfo yana iya zubo mai a ido ya yi kyau, amma ya kasa kai rabin wannan. Don haka ya ɗaura masa agogon awo. Allurar ta haura ta wuce abin da motar ke buƙata. Famfon da na zalunta da ƙarancin mai na wata goma sha ɗaya, na kuma yanke masa hukunci, lafiyarsa lau.

Na zauna a kan benci na ce su nuna mini yadda ake bin abin tun daga farko, suka nuna mini. Ana farawa da mai arha ne, kunne da fiyus da rile, kuma a motoci da yawa rilen famfo iri ɗaya ne da na hon, ana iya musanya su a gani. Dattijon ya ja kunnena cewa ba kowace mota ce ke kukan daƙiƙa biyun nan ba, wasu sai kik yana juyawa suke ba famfo wuta, don haka sai mutum ya san halin tasa. In wuta ta iso soket, a duba wayar da ke komawa jikin ƙarfe, domin tsatsa a nan tana rage wa famfo ƙarfi kamar yadda tsufa ke yi. In wuta ba ta iso ba kuma rile lafiya, a tuna ƙwaƙwalwar mota da gangan take hana famfo wuta in ba ta ji injin yana juyawa ba, don kada a yi haɗari ya ci gaba da kwarara fetur. Na'urar da ke gaya mata injin na juyawa in ta lalace, sai a rasa mai a rasa wutar fulogi tare, mai gaggawa ya ce famfo ne. Wasu motocin, kamar Ford da yawa, har wani makunni gare su da ke yanke wutar famfo in an yi karo ko an faɗa rami da ƙarfi, danna shi kawai ake yi. Sai wuta ta tabbata ake ɗaura agogo a layin mai. In awo ya yi ƙasa, filta da ta toshe ko na'urar daidaita matsi suna iya jawo haka, a kawar da su tukuna. In an kashe mota allura ta zube nan take, akwai inda mai ke komawa ko yake yoyo, ita ce motar da sai an daɗe ana kik da safe. Kuma kafin a kwance kowane tiyo, a zare fiyus ɗin famfo a bar injin ya mutu da kansa, domin layin yana riƙe da matsi ko mota a kashe take, fetur yakan yi feshi a fuska ko a kan inji mai zafi. Duk abin da ya shafi motata a cikin wannan bai fi aikin kwata ɗaya na awa ba, kuma an yi mini tayinsa kyauta ranar Juma'a.

Kuɗin makarantar sai da na ci bashi na cike. Na gaya wa mai ɗakina gaskiyar yadda aka yi, har da cewa ba dole ba ce ta sa, ni ne. Da dare na je gaida Inna, ta tambayi motar, na ce an gyara, ta ce Allah ya kiyaye gaba.

Amma kafin in bar garejin ranar, na kira yaron a gaban waɗanda suka yi masa dariya, tunda a gabansu na yi masa abin da na yi. Na ce, "Ɗana, ranar Juma'a ka faɗi gaskiya na ƙi ji, na kuma ci maka fuska. Ka yafe mini." Ya rasa inda zai sa kansa, ya ce, "Haba Baba, ba komai wallahi." Na miƙa masa tsohon famfon na ce ya sayar ya riƙe kuɗin. Ya dubi ogansa, ogan ya gyaɗa kai, sannan ya karɓa da hannu biyu. Ya ce ba zai sayar ba, zai ajiye shi ne don gwaji, in an kawo mota ana zargin famfo ya samu lafiyayye da zai kwatanta da shi. Ya goge shi da tsumma, ya naɗe a leda, ya sa a cikin akwatin da yake ajiye fitilarsa.